Wa Ke Riƙe Da Linzamin Jiragen F-16 Na Iraƙi?

A duk lokacin da na ji wata gwamnati tana shelar sayen jiragen yaƙi, nakan fara duba haruffan da aka liƙa a ƙarshen sunan jirgin. Sau da yawa a nan ake gane cewa abin da aka sayar wa baƙo ya bambanta da abin da mai gida ya ajiye wa kansa. Misalin da na ɗauko mana yau shi ne F-16IQ, samfurin da kamfanin Lockheed Martin na Amurka ya ƙera wa Iraƙi.

A 2011 Iraƙi ta ƙulla cinikin jirage 18, daga baya ta ƙara wasu 18. Amma lokacin da mayaƙan Da'esh suka kame Mosul a watan Yunin 2014, babu ko ɗaya a ƙasar, kuma bayan haka Amurka ta ga sansanin Balad, arewa da Bagadaza, ba shi da tsaro. Aka kai su jihar Arizona, inda matuƙan ke samun horo, kuma guda biyu suka faɗi a can. Huɗun farko ba su sauka a Balad ba sai a Yulin 2015.

Sai batun makamai. Cikin makamai masu linzamin da aka haɗa wa Iraƙi don faɗan sama akwai AIM-7 Sparrow, wanda dole matuƙi ya ci gaba da haska abokin gaba da na'urar radarsa har ya same shi. Turkiyya da Saudiyya da Isra'ila kuwa suna da AIM-120, mai ɗauke da radar kansa, wanda matuƙi zai harba ya kauce. Jirgin Iraƙi ke nan ya isa ya yi wa 'yan tawaye ruwan bama-bamai, amma bai isa ya ja da maƙwabta ba. Ba na ganin wannan a matsayin kuskuren injiniya, tunda tun 2008 dokar Amurka ta wajabta mata kiyaye fifikon Isra'ila a fannin makamai duk lokacin da za ta sayar wa ƙasashen yankin.

Adalci ne a faɗa cewa jiragen sun yi aiki. Sun kai wa Da'esh hare-hare a cikin Iraƙi, a 2018 ma har cikin Siriya. Sai dai gyaransu ya dogara ga ma'aikatan kwangila na Amurka. A watan Mayun 2021 Lockheed Martin ya janye mutanensa daga Balad saboda rokokin da ake harba wa sansanin, hankalin Bagadaza ya tashi kan wanda zai kula da jiragen da aka biya da kuɗin man talakawa. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Mu ma mun ɗanɗana irin wannan. A 2014 Amurka ta hana Isra'ila sayar wa Nijeriya jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra, alhali Boko Haram na kame garuruwa. Don haka ina kira ga 'yan majalisarmu, kafin su amince da kuɗin wani sabon jirgi, su nemi ganin sharuɗɗan yarjejeniyar a rubuce: makaman da aka yarda a ba mu, da shekarar da injiniyoyinmu za su karɓi gyaransa gaba ɗaya. Idan babu gamsasshiyar amsa, su riƙe sa hannunsu har sai an kawo ta.