Kasuwa da Sana'a: Wa zai sayi tumtum a Wadata?

Tun shekarar 2000 ake shirya bajekolin sana'ar hannu ta mata a Yamai, wanda aka fi sani da sunan SAFEM, akasari bayan shekara biyu-biyu, kuma ƙauyen masu sana'a na unguwar Wadata ya sha karɓar baƙinsa. Ranar buɗewa kowa ya san yadda take: manyan gwamnati su yanke ƙyalle, a zaga da su rumfa-rumfa, su ɗaga faifai su ajiye, su yaba, masu ɗaukar hoto na biye da su. Amma ranar da ta fi koyar da ɗan kasuwa ita ce ta rufewa, sa'ad da aka fara ɗaure kaya. A ranar ake ganin wadda ta zo da buhu goma za ta koma da takwas, tana neman wanda zai kwashe su ko da da faɗuwa, don kada ta sake biyan kuɗin mota. A ranar kuma ake ganin maƙwabciyarta, ita ma kayanta ba su ƙare ba, amma hankalinta kwance, domin ɗan littafinta ya cika da sunaye da lambobin waya da yawan abin da kowa ya ce a yi masa.

Wannan ta biyun ita ce abin dubawa. Ba ta jima, ba ta saƙa, ba ta gina tukunya. Sau da yawa ta yi lakwal, wata ma tsohuwar ma'aikaciya ce da ta ajiye aiki, jarinta kuwa bai wuce ido da bik da takarda da igiyar awo irin ta tela ba. Aikinta shi ne ta dubi abin da kakanni suka bari, ta sake masa fasali yadda zai shiga ɗakin zamani. Faifan da aka sani na rufe ƙwaryar fura, ta sa a saƙa shi shimfiɗaɗɗe, guda shida kai ɗaya, don ɗora kwano bisa tebur. Ƙwarya ta sa a huhhuda ta da zane, a rataye ta ta zama hular fitilar lantarki. Tumtum ta sa a ɗinka masa zip, a sayar da shi ba ciko, mai saye ya naɗe ya sa a jaka. Tulu ta sa a rage masa ciki a ƙara masa wuya. Tana zane a gida, ta kai wa dukawan Birni a Damagaram, da mata magina na Miriya, da masaƙan kaba na wajen Madawa, ta biya su, ta tattara, ta ɗaura ɗan tikiti mai sunan sana'arta, ta nufi bajekoli.

Kayan aiki dai ƙasar ba ta rasa su ba. Fatar jar akuyar Maraɗi sananniya ce tun zamanin mulkin mallaka saboda laushi da ƙarko, majema na jeme ta da bagaruwa, a rina ta da karan dafi ta yi ja. Goriba na ba da kaba, Miriya na da yumɓu, hannun da ya iya kuwa akwai shi a kowane gari. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai saye.

Shekaru da dama mai sayen irin waɗannan kaya Annasara ne. Shi ke zuwa gidan tarihi na ƙasa a Yamai, wanda aka kafa a 1959 yake kuma ɗauke da sunan Bubu Hama, ya tarar da masu sana'a a rumfunansu, ya saya don tsaraba. Shi ke hawa Agadas da sanyi, shi ke aikin ƙungiyoyin agaji yana ƙawata gidan hayarsa da tabarmi da ƙorai. Lokacin da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100, kayan nan suka zame masa rabin kuɗi a dare ɗaya. Masu sana'a da yawa suka gina lissafinsu a kansa, har suka saba da yin abin da idonsa ke so. To, wannan kasuwa ta yi ta ragewa. Tawayen arewa na 2007 zuwa 2009 ya tsayar da yawon buɗe ido. A watan Satumba na 2010 aka sace ma'aikata a Arlit, a watan Janairu na 2011 aka ɗauke wasu samari biyu Faransawa a tsakiyar Yamai, kuma a cikin watan nan Amurka ta kwashe matasanta ƴan sa-kai da ke zaune a ƙauyuka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sojojin Faransa suka fita kafin ƙarshen shekarar, na Amurka suka biyo baya a 2024. Ko mene ne ra'ayin mai karatu a kan waɗannan al'amura, lissafin mai rumfa ɗaya ne: wanda ya saba biya ba tayi ya yi wuyar gani. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

Saura ɗan ƙasa. A nan ne maganar take da daɗi, take kuma da ciwo. Masu cewa mutanen nan ba su damu da adon gida ba, ba su taɓa shiga ɗakin amarya ba ranar jere. Babu abin da uwa ke tara wa kuɗi shekara da shekaru kamar kayan ɗakin ɗiyarta, adashe bayan adashe, akuya bayan akuya. A da jeren na ƙorai ne masu zane da faya-fayi, aka koma tasoshi, aka koma kwanoni masu fenti da ake jerawa har rufin ɗaki, waɗanda masana'antun Kano suka cika kasuwannin Maraɗi da Damagaram da su, daga baya aka koma kabad mai gilashi da tangaran da robobin Sin masu biyowa ta tashoshin bakin teku. Kuɗin ado yana nan, bai taɓa gushewa ba. Inda ya karkata ne ya sake. Kowane ɗaki da aka jera a yau, kusan dukan abin da aka kashe masa ya ƙetare iyaka, alhali magina da masaƙa na unguwa ɗaya da amaryar.

Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Ƙwarya da faifai da tulu sun zama alamar ƙauye a idon mutanen birni, uwar amarya kuma tana tsoron bakin dangin miji fiye da tsoron bashi. Sa'an nan in ta yarda ta tsaya a rumfa, sai a yi karo wajen kuɗi. Hajiya ta ɗaga hular fitila ta juya ta, ta ce, "Ɗiyata, wannan ai ƙwarya ce, nawa za ki ce?" In aka faɗa mata, sai ta ajiye ta riƙe baki, domin a ranta tana auna ta da ƙwaryar kasuwar Lahadi ta Miriya, ba ta lissafa kwanakin da aka yi ana hudawa, da waya, da mazaunin ƙwan fitila, da waɗanda suka fashe a hanya. Ita ce kuma gobe za ta biya ninkin wannan a kanti don fitilar roba da ba za ta ga damina biyu ba, ba ta ko taya. An ce araha ba ta ado, amma in abin na gida ne, sai a nemi adon da arahar a haɗe.

Duk da haka ɗan ƙasa na saye, in an san inda za a tare shi. Ma'aikacin da ya gina gida yana neman abin da zai sa a falo wanda ba kowa ke da shi ba. Mai otal da mai gidan abinci suna son kaya iri ɗaya masu yawa. Ofisoshin da ke shirya taro suna neman jaka da abin kyauta ga baƙi. Ƴan ƙasar da ke zaune waje suna aiko da saƙo. Waɗannan ba su cika saye a tsaye ba. Sukan duba, su tambaya ko za a samu arba'in irin wannan, su karɓi lamba su tafi. Wadda ta gane haka ba ta ɗaukar bajekoli kasuwar cin riba ta yini, tana ɗaukarsa wurin nuna samfur. Shi ya sa ba ta cika rumfa har ba wurin taka ƙafa. Takan shirya kusurwa ɗaya kamar ɗaki: tabarma a ƙasa, tumtum biyu, ɗan tebur da faya-fayinsa, fitila a kunne ko da rana. Mai wucewa ya ga yadda abin zai zauna a gidansa, abin da tarin kaya cikin buhu ba zai taɓa nuna masa ba.

Lissafin tafiyar ma shi ya tilasta haka. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, ta Tasawa da Maraɗi da Ƙonni da Dogondutsi da Doso, kuma tulu ba ya son gargada. Ga kuɗin rumfa, ga na kaya a mota, ga masauki da abinci na kwana da kwanaki, ga wanda za a bar wa gida. Da wuya cinikin hannu da hannu ya rufe wannan rami. Abin da ke rufe shi shi ne aikin da aka karɓo, wanda za a yi wata uku ana yi.

Amma karɓo aiki shi ne mai sauƙi. Inda ƙananan sana'o'in nan suka fi mutuwa shi ne wajen cikawa. Masaƙiya ta gaji awo da taƙi da kamu, kuma taƙin wannan ba na waccan ba ne. Ido ba mudu ba ne, ko da ya san kima: a ba mata shida aikin faifai arba'in, a samu girma iri shida, mai otal kuwa ya ce ba haka aka yi da shi ba, ya mayar. Don haka mai zane ta gari takan yanka kwali ko ta lanƙwasa ƙarfe ta ba kowace, ta ce a saƙa har ya cika wannan da'ira, kada a wuce. Fata in ba ta jemu sosai ba, tana lafiya lau da rani, sai damina ta sauka ta fara wari a falon mutum, daga nan an rasa shi an rasa duk wanda zai gaya wa. Ga kuma kalandar da ba a rubuta ba: da ruwa ya sauka a watan Yuni, masu sana'a da yawa gona suke nufa, yumɓu ma ba ya bushewa yadda ake so. Aikin da aka karɓo da sanyi, in bai ƙare ba kafin shuka, sai bayan girbi. Kafin alƙalamin da aka ba baduku kuwa, in suna ko biki ya faɗo a gidansa, Allah kaɗai ya san ranar da fatar za ta zo. Ba mugunta ba ce, rashin jari ne, amma mai saye ba ruwansa.

Sai kwaikwayo. Waya mai hoto ta sa zanen da aka kwana ana tunani ya zama na kowa tun ranar farko ta bajekoli. Wani lokaci ma wanda aka ba aikin ne zai ƙara goma a gefe, ya kai kasuwar Dole ya sayar da rabin kuɗi. Doka ta tanadi kariya, domin Nijar na cikin ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde, inda ake rajistar zane da fasalin kaya. Sai dai wadda jarinta bai wuce na tafiya ɗaya ba, ba za ta yi shari'a da baduku a kan tumtum ba. Abin da ke hannunta shi ne ta biya masu yi mata aiki a kan lokaci har su ji kunyar cin amanarta, kuma ta zo kowane bajekoli da abin da ba a gani ba a na baya.

Wasu sukan haura zuwa Wagadugu, inda ake cin SIAO tun 1988, domin can ne manyan masu saye daga ƙasashen waje suke zuwa. Buɗe ido ne mai amfani, amma wadda ba ta iya cika arba'in kai ɗaya ba, hatsari ne gare ta ta sa hannu a takardar dubu.

Akwai abin da ke hannun masu karanta wannan shafi. Masu shirya bajekoli ma'aikata ne, sun fi kowa sanin cewa aljihun ma'aikaci yana da ranaku. Bajekolin da ya faɗo tsakiyar wata ƴan kallo yake tarawa; a daidaita shi da fitar albashi, ko da kwana uku na ƙarshe ne, bai fi ƙarfin kowa ba. Haka nan ba daidai ba ne a yi jawabin ƙarfafa sana'ar gida da safe, da yamma a raba wa mahalarta taro jakunkunan roba da aka yo oda daga waje. Su kuma alhazan da ke da kantunan kayan ɗaki a Maraɗi da Tawa da babbar kasuwar Yamai, sun fi kowa sanin uwar amarya, sun san lokacin da take saye da abin da take iya biya. Kanta ɗaya a cikin shago, a jera kayan gida masu kyan gamawa kusa da na Sin, a rubuta kuɗinsu, zai gwada abin da jawabi ba zai gwada ba. Abin da bajekoli ke yi kwana goma a shekara biyu, shago yana yinsa kullum, kuma in abin ya karɓu, dillancin nasu ne.

Ita dai mai ɗan littafin, da ta koma gida ba hutu. Hotunan da ta ɗauka a rumfa suna yawo a WhatsApp, masu saye suna turo rabin kuɗi ta Nita ko Al Izza, kaya na tafiya Yamai cikin kwali a motocin fasinja, an cusa musu tsumma da ƙaiƙayi. Ranar Lahadi tana Miriya da igiyar awonta a wuya, tana gardama da wata tsohuwa a kan wuyan tulu: tsohuwar na cewa ita tun tana yarinya ba ta taɓa ganin tulun da ba ya ɗaukar ruwa ba, ita kuwa tana roƙonta, "Inna, ki yi mini talatin haka, kada ki ƙara ko yatsa ɗaya."