Garuruwa da Labarinsu: Takadda, Garin Jan Ƙarfe

 

Wani dattijo maƙeri daga Bawku ya aiko mini da tambaya ta bakin jikansa. Ya ce shi dai tun tasowarsa jan ƙarfen da yake narkawa ya yi munduwa da zobe, daga tsofaffin wayoyi da tarkacen injina yake samunsa, mahaifinsa kuma na Turawa yake saye wanda ake haurowa da shi daga bakin teku. To, kafin Bature fa? Ashe ƙasashenmu ba su da nasu ne? Baba, suna da shi. Akwai ma gari guda da ya rayu a kan jan ƙarfe, ya yi suna har Masar, sa'an nan ya mutu. Sunansa Takadda, kuma shi za mu ziyarta a wannan wata.

Wurin yana cikin Jamhuriyar Nijar ta yau, yamma da Agadas ta wajen arewa, a wani shimfiɗaɗɗen fili na laka da ke gindin duwatsun Azbin. Buzaye suna kiran kufan Azelik. In damina ta faɗi, ruwan da ya gangaro daga duwatsu yakan malale filin, ciyawa ta tsiro, ƙasar kuma ga ta da gishiri-gishiri wanda raƙuma da shanu ke so. Shi ya sa har yanzu makiyaya, Buzaye da Fulani, suke haɗuwa a Ingal wajen watan Satumba. Da rani kuwa sai iska da ƙura. Abin da ya sa mutum zai iya zama a nan shi ne idandunan ruwa, waɗanda da Buzanci ake ce wa tegidda. Akwai su da dama a yankin, kowace da laƙabinta: ta gishiri, ta dutse, ta goriba. Daga wannan kalma sunan garin ya fito.

Wanda ya bar mana labarin garin da idonsa shi ne matafiyin nan na Maroko, Ibn Battuta. Ya iso Takadda a shekarar 1353, yana kan hanyarsa ta komawa gida daga Mali, bayan ya biyo ta Tambutu da Gawo, ya kuma sha jinya a hanya. Ya tarar da gidaje na jan dutse. Ruwan garin, in ji shi, yana bi ta kan ma'adinin, don haka launinsa da ɗanɗanonsa duk sun sauya. Noma ba wani na kirki ba, sai ɗan alkama. Kunamun garin kuwa suna kashe yaro ƙarami. Ku duba fa, gari ba daɗin ruwa, ba gona, ga kunama, amma mutanensa attajirai ne masu zuwa Masar fatauci kowace shekara, suna sayo tufafi na alfarma. Da na karanta wannan wuri sai na yi murmushi, don na tuna baƙin da suka zo Salaga a ƙarni na 19 su ma kukan ruwa suka yi ta yi, a garin da ake wa kirari da rijiya dubu, inda har sayar da ruwan ake yi a kasuwa. Ɗan kasuwa ba daɗin ruwa yake bi ba.

Yadda aikin yake kuwa, mahaƙar tana bayan gari. A haƙo, a kawo gida, a narka a cikin gidaje. Masu wannan wahala bayi ne, maza da mata, kuma bai kamata mu tsallake wannan ba. In ƙarfen ya narke ya yi ja, sai a zuba shi sanda-sanda, tsawon kowace kamar taƙi ɗaya da rabi, wasu masu kauri wasu sirara. Masu kaurin ana ba da 400 a kan miskalin zinariya guda, siraran kuwa 600 ko 700. Miskali bai fi giram huɗu da 'yan kai ba. To waɗannan sanduna su ne kuɗin garin. Da sirara ake cefanen nama da itacen wuta, da masu kauri ake sayen gero da alkama da man shanu, da kuma bayi. Wato dai kamar a ce kana da kwabbai na cefane da takardun sidi na babbar hidima, sai dai su a bayan gida suke haƙo nasu.

Ga inda labarin ya shafe mu. Ibn Battuta ya lissafa ƙasashen da ake kai jan ƙarfen, ya ambaci Barno, wadda ya ce tafiyar kwana 40 ce, ya kuma ambaci wata ƙasa Kubar. Masana sun tafi a kan cewa Gobir ke nan. In haka ne, wannan yana cikin wurare na farko-farko da sunan wata ƙasar Hausa ya shiga littafi, kuma a dalilin jan ƙarfe ya shiga. Ba abin mamaki ba ne, gama Gobirawa da kansu suna cewa a Azbin suka zauna kafin su gangaro kudu. A lokacin kuma wuri bai zama kuɗin Hausa ba tukuna. Littafin Tarihin Kano ya sa zuwan wuri a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya hau a 1703, shekara 350 ke nan cif bayan ziyarar Ibn Battuta.

Shi baƙon namu ya bar garin a watan Sha'aban na 754 bayan Hijira, ya bi wani ayari da ya nufi Tuwat, a cikinsa akwai bayi mata kimanin 600. Mutumin Salaga da ya san Wankan Bayi ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan irin wannan ayari.

Inda dukiya ta taru, malamai ma sukan taru. Shehu Magili, bayan ya baro Tuwat a farkon shekarun 1490, a Takadda ya fara yada zango ya karantar, kafin ya wuce Kano wurin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya rubuta wa littafin nan na yadda ake riƙon sarauta. Cikin waɗanda suka ɗauki karatu a wurinsa a Takadda akwai Aida Ahmad, wanda daga baya ya zama alƙalin Katsina, Katsinawa suka san shi da Ɗan Takum. Saboda haka almajirin da ke zaune gaban malaminsa a zangon Yendi, in ya bi salsalar karatunsa baya-baya, ba wuya ya ratsa ta wannan gari da bai taɓa jin sunansa ba.

To me ya kashe shi? Abu biyu suka haɗu. Jan ƙarfen wurin dama ba dutse guda ba ne mai yawa, ƙwayoyi ne ƙanana a cikin wani siririn shimfiɗin dutse, sai an farfasa an tsince. Irin wannan yana biyan wahala ne kawai muddin akwai hannun da ba a biya, kuma babu wani mai kawo mai araha. Sa'an nan ga Agadas ta taso a ƙarni na 15 da sarautarta, ta janye ayarori zuwa kanta. Labarin da mutanen yankin ke bayarwa shi ne yaƙi aka yi tsakanin Azelik da Sarkin Agadas, aka ci garin, aka watsa shi. Waɗanda suka tsira suka koma Ingal da Tegidda ta gishiri, suka bar jan ƙarfe suka kama dafa gishiri a ƙananan tafkuna da rana ke busarwa. Zuriyarsu na nan, suna magana da wani harshe nasu, Tasawak, mai tushe ɗaya da Zabarmanci, gauraye da Buzanci.

Garin ya ɓace har ta kai wasu masana na Turai suna musu, suna cewa Ibn Battuta ruɗewa ya yi, gishiri ya gani ya ce jan ƙarfe. Sai a shekarun 1970 wasu Faransawa masu tonon kufai, cikinsu har da Suzanne Bernus da Pierre Gouletquer, suka bincike Azelik, suka sami harsashin gidaje da masallatai da maƙabartu, ga kashin maƙera da ɓurɓushin jan ƙarfe barbaje a ƙasa. Wani kuma, Danilo Grébénart, ya gano murahun narka jan ƙarfe a yankin Agadas waɗanda suka girmi haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, da ɗaruruwan shekaru. Baba maƙeri, sana'arka ta daɗe a ƙasar nan. Sai dai kada wani ya ɗauko munduwar kakarsa ya ce ta Takadda ce. Lokacin da kasuwar Salaga ke ci, Takadda ta daɗe da zama kufai, tasoshin tagulla da sandunan da fatake ke saye a nan yawancinsu ta jirgin ruwa suka zo.

Ni dai ban iya karanta labarin nan ba tare da Salaga ta faɗo mini a rai ba. Mu ba mu haƙa komai ba, namu ma'adinin hanya ce. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wajen tsakiyar ƙarni na 15, aka buɗe hanyar Gwanja, kusan daidai lokacin da Takadda ke gangarawa. Goro ya fito daga kurmin Tonawa, Sarkin Kumasi ya tsare cewa a Salaga za a yi cinikinsa, sai gari ya cika ya batse. Da Ingilishi suka ƙone Kumasi a 1874, wannan ƙulli ya kwance. Goro ya sami wasu kasuwanni kamar Kintampo, ya kuma fara bin teku zuwa Ikko. Yaƙin basasa na 1892 a kan sarautar Kpembe ya ƙarasa sauran, jama'a suka watse zuwa Yeji da Karachi, cikinsu har da Alhaji Umaru, wanda ya rubuta abin da ya gani. Bayan an gama madatsar Akosombo a 1965 tafki ya faɗaɗa a Yeji, babbar hanyar Kumasi zuwa Tamale ta koma ta Kintampo da Buipe. Alhamdu lillahi mu garinmu bai zama kufai ba, amma duk wanda ya taɓa kwana a bakin ruwa yana jiran fanton ya san abin da aka rasa.

Azelik ma ta sake ganin baƙi. Wani kamfani na haɗin gwiwar Nijar da ƙasar Sin ya fara haƙar yuraniyam a wurin wajen 2011, ba a cika shekara biyar ba aka dakatar da aikin, ma'aikata suka kama gabansu. Nakan tuna wannan in na bi ta Nangodi a hanyar Bawku, inda Turawa suka haƙi zinariya suka tafi, na ga samarinmu sun fito daga ramukan galamse jikinsu fari fat da ƙura, wasunsu ko makaranta ba su gama ba.

Ina roƙon masu karatu na Salaga, wanda duk yake da tsoho ko tsohuwa a gida da suka san sunayen tsofaffin rijiyoyi da gidajen da suka haƙa su, ya zauna da su ya rubuta ya aiko wa wannan fili, gama da yawa sun riga sun cike da ƙasa. Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu leƙa Daboya mu ji labarin gishirinta da masaƙanta. Baba na Bawku, a gaida maƙera.