Wasan Mota: Ba a Kan Titi Ake Koyon Santsi Ba

Duk mai halartar bukukuwan aure a Kano da garuruwan da ke kewaye da ita ya san abin da matasa ke kira wasan mota. Yaro zai taka totur, ya finciki birkin hannu, bayan mota ya juya, ƙura ta turnuƙe, jama'a su ɗauki shewa. A da a birni kawai ake ganinsa, amma yanzu wayar hannu ta kai shi ƙauye. 'Yan sanda a Kano sun sha gargaɗi a kan kilisa da tseren motoci, musamman lokacin bikin Sallah, sai dai gargaɗin bai kashe sha'awar ba. Ra'ayina shi ne, a cikin wannan ganganci akwai wani ilimi da direbobinmu ke matuƙar buƙata, kuma kuskuren da ake yi yana cikin wurin da ake koyonsa da niyyar da ake koyonsa da ita.

Wasan zamiya da mota ya yi ƙarfi ne a Japan. Wani ɗan tsere mai suna Kunimitsu Takahashi ya yi fice a shekarun 1970 wajen shan kwana motarsa na zamewa, sannan Keiichi Tsuchiya ya ɗauki salon ya kai shi hanyoyin kan duwatsu. Daga baya aka ɗauke wasan daga titi, aka mayar da shi filayen da aka killace, aka yi masa alƙalai da dokoki. Amurka ta fara tata gasar mai suna Formula Drift a 2004. Abin lura a nan shi ne, a makarantun da ake koyar da wasan, ba a fara wa ɗalibi da gudu. Fili ake jiƙawa da ruwa har ya yi santsi, a jera alamu, a sa shi ya yi ta kewaya alama ɗaya a hankali.

Dalilin yin haka lissafi ne mai sauƙi. Abin da ke riƙe mota a hanya shi ne kamun da taya ke yi wa ƙasa, kuma wurin da kowace taya ta taɓa ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu ba. A busasshiyar kwalta kamun yana da ƙarfi, don haka mota ba ta zamewa sai ta yi gudu sosai. A jiƙaƙƙen fili kuwa takan zame ko da tana tafiyar kilomita 30 ko 40 a awa. Ƙarfin karo yana ƙaruwa ne ninki a kan ninki: motar da ke gudun kilomita 80 tana ɗauke da ƙarfin karo ninki huɗu na mai gudun kilomita 40. Ke nan ɗalibin da ya yi kuskure a filin santsi juyi kawai zai yi ya tsaya, ya ji kunya, ya sake gwadawa. Wanda ya yi irin wannan kuskure a kwalta, gaban jama'a, sai dai a yi salati.

To me ake koya? Abu uku ne, kuma duk sun saɓa wa abin da tsoro ke umartar mutum. Na farko, idan bayan mota ya zame dama, dama ake karkata sitiyari, a kuma warware shi da zarar ta fara miƙewa, in ba haka ba ta wulwula ɗaya ɓangaren. Na biyu, ba a danne birki da ƙarfi a tsakiyar zamiya, ba a kuma sakin totur farat ɗaya. Na uku, ido na kallon inda ake son mota ta je, domin hannu ido yake bi. Wanda ya ƙura wa bishiya ido, bishiyar zai tarar. Haka kuma ba kowace mota ce ta wannan wasa ba. Ana yin sa ne da motar da tayoyin baya ke turawa, irin Marsandi da BMW da tsohuwar Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna. Golf da Corolla da suka cika tashoshinmu tayoyin gaba ne ke jan su, shi ya sa yaranmu ke dogara da birkin hannu, dabarar da ke kulle tayoyin baya ta bar mai ƙaramin sani ba shi da iko da motar.

Yanzu mu zo Dawakin Tofa. Wannan ƙaramar hukuma ita ke da kasuwar hatsi ta Dawanau, kuma kullum motoci na ɗauko amfanin gona daga ƙauyuka zuwa can. Da zarar an sauka daga kwalta, hanyoyin burji da jar ƙasa ake bi. Da damina laka ta mayar da su tamkar an shafa sabulu, da rani kuma rairayi da tsakuwa su yi nasu aikin. Direban akori-kura da ya yi lodin buhunan gero yana haɗuwa da santsi ko yana so ko ba ya so, ba tare da wani ya taɓa koya masa abin yi ba. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cinye kusan mita 17 a cikin daƙiƙa ɗaya kafin ƙafa ta kai ga birki. Daga nan a busasshiyar kwalta tana buƙatar kimanin mita 20 ta tsaya, amma idan kamun taya ya ragu da rabi, sai ta ci mita 40. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai dai a wannan yanki babu filin banza. Gona na manne da gona, gida na kallon gida, tsakaninsu kuma sai burtali da 'yar hanyar ƙafa. Buɗaɗɗen wurin da mai wasan mota zai samu bai wuce filin makaranta ko filin idi ko bakin kasuwa ba, wato daidai inda yara da dabbobi suke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe mutum kusan miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Masu shewar nan da ke zagaye da mota, yawancinsu 'yan wannan shekaru ne.

Ƙasashen da suka gamu da matsalar sun bi hanyoyi daban-daban. Saudiyya ta tsaurara hukunci a 2016, inda tarar karon farko ta kai riyal 20,000 tare da tsare mota. Afirka ta Kudu kuwa, inda wasan juya mota ya taso daga unguwanni irin su Soweto, ta amince da shi a matsayin wasa mai rajista da ake yi a cikin shinge. A Suwidin ba a samun lasisin tuƙi sai an shiga filin santsi. Amma akwai darasi daga Norwe: bincike a ƙarshen shekarun 1980 ya nuna cewa samarin da aka koya wa dabarun santsi sun ƙara yawan haɗari, saboda sun fito suna jin sun iya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Wannan ya sa ƙasashen yankin suka karkata horon zuwa nuna wa ɗalibi iyakarsa, ya ga da idonsa yadda mota ke ƙin jin magana, don ya rage gudu tun kafin ya isa kwana.

Shawarata ga gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi ita ce a samar da fili ɗaya mai shinge, nesa da gidaje, a kan ƙasar da gwamnati ta riga ta mallaka, kada a ƙwace gonar talaka saboda nishaɗin 'ya'yan masu hali. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da KAROTA su sa ido, ƙungiyar direbobi ta kawo mutanenta. A ware ranakun aiki domin horar da direbobin haya da masu ɗaukar hatsi, ƙarshen mako kuma a bar wa masu wasa, su biya kuɗi, su nuna lasisi, su sa hular kwano da bel, 'yan kallo na bayan katanga. Wanda aka kama yana yi a titi ko gidan biki bayan haka, a hukunta shi ko ɗan wane ne.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a gare mu. Magabatanmu sun san ƙuruciya na son nuna bajinta, shi ya sa suka yi wa doki filin sukuwa, suka yi wa jafi lokaci da wuri da shugaba, kuma ba a miƙa wa yaro linzami sai ya yi hidimar barga. Garin da doki ke cikin sunansa ya fi kowa cancantar tuna mana da haka. Iyayen ango kuma su sani, rayukan 'ya'yan maƙwabta da suka zo taya murna amana ce a wuyansu.

Allah Ya kiyaye mana hanya. Sai mako mai zuwa.