Kimiyya a Gida: Gansakuka, Daga Akwatin Kifi Zuwa Kududdufi

A wannan wata za mu yi magana ne a kan gansakuka, wato koren abin nan mai santsi da ke kama bakin randa, da jikin tankin ruwa, da fuskar kududdufi. Abin da ya jawo maganar shi ne, yanzu a Garwa da ma nan Ngong ana samun masu ajiye ƙananan kifaye a akwatin gilashi tare da shuke-shuken ruwa, abin da Faransawa ke kira akwariyom. Kukansu ɗaya ne: bayan mako biyu ko uku ruwa ya koma kamar miyar kuka, ba a ganin kifi, ganyen shuka ya ruɓe. To wannan ƙaramin akwati darasi ne ga mai kiwon kifi a tafki, da makiyayi, da uwargida mai randa, domin kuwa dokar da ke aiki a cikinsa ita ce ke aiki a kowane ruwa.

Da farko, mece ce gansakuka? Halitta ce mai rai, dangin tsiro, amma ba ta da saiwa, ba ganye, ba fure. Ƙwayoyinta ƙanana ne ƙwarai, iska da ƙura da ruwa na ɗauke da su ko'ina, saboda haka ba wanda ya isa ya hana su shiga. Abu uku take nema ta yaɗu: haske, da abinci, da ruwan da ke kwance. Abincinta kuwa shi ne abincin masara da auduga, wato sinadaran nan da muke saye a buhun yuriya da NPK. A akwatin gilashi ba wanda ya zuba taki, amma kashin kifi da ragowar abincin da ya nutse su ne takin. In haske ya yi yawa, taki ya yi yawa, sai gansakuka ta riga shukarka cin moriya.

Wannan matsala tsohuwa ce. A 1850 wani masanin haɗa magunguna a Landan mai suna Robert Warington ya ba da labarin gwajin da ya yi. Ya sa ƙananan kifaye biyu da wata ciyawar ruwa a babban tulun gilashi. Da tsofaffin ganye suka fara ruɓa, ruwa ya gurɓace, koren abu ya rufe ko'ina, sai ya zuba 'yan katantanwa suka cinye dattin, ruwa ya washe. Abin da ya gano shi ne, tsiro na ba kifi iskar numfashi, kifi na ba tsiro taki, kuma in kowa ya tsaya a gwargwadonsa ruwa kan daɗe da tsabta. Har gobe a kan wannan ma'auni ake tafiya.

Ga abin da mai akwati zai kiyaye. Na ɗaya, kada a ajiye shi inda rana ke dukansa. Ranar ƙasarmu ba irin ta Turai ba ce, taga ɗaya ta isa ta mai da ruwa kore cikin 'yan kwanaki. In da fitila ake haska shi, awa 6 zuwa 8 a yini sun wadatar, da dare a kashe. Na biyu, a rage hannu wajen ba da abinci. Abin da kifi zai cinye cikin minti biyu ko uku shi ne rabonsa, sau ɗaya ko biyu a yini. Yara kan zuba da yawa don tausayi, alhali yawancin kifin gida ƙoshi ke kashe su, yunwa ba ta cika kashe su ba. Na uku, kowane mako a kwashe kashi ɗaya bisa huɗu na ruwan, a zuƙe dattin ƙasa da siririn tiyo, a cika da sabo. In ruwan famfo ne, a bar shi ya kwana a buɗaɗɗen bokiti don maganin da ake sa masa ya fita. Kada a juye ruwan duka a wanke da sabulu, domin akwai ƙwayoyin halitta masu amfani a cikin yashi da ke narkar da kashin kifi, sabulu kuwa kashe su yake yi, ya kashe kifin ma.

Na huɗu, kuma shi ne babba, a yawaita shuka mai saurin girma. Ita ce kishiyar gansakuka, tukunya ɗaya suke ci. 'Yar kainuwa biyu ko uku a saman ruwa na yin inuwa, saiwarta kuma na shanye takin. Sai dai a riƙa rage ta, kada ta rufe fuskar ruwan duka. In ruwa ya riga ya yi kore shar, a lulluɓe akwatin da bargo kwana uku ko huɗu, a tsai da abinci, amma a bar kafar da iska za ta shiga. Shuka mai saiwa na jure wannan duhu, gansakuka kuwa ba ta jurewa. A kuma zaɓi kifi da hankali: 'yar karfasa na cin gansakuka amma tana tone shuka, tarwaɗa kuwa in ta girma abokan zamanta za ta haɗiye.

A nan akwai gargaɗi. Littattafan Turai na cewa a sa katantanwa kamar yadda Warington ya yi. Mu a arewacin Kamaru kada wanda ya aiki yaro kududdufi ko bakin mayo ya tsinto ta. Wasu irin katantanwar ruwanmu su ne ke ɗauke da tsutsar tsargiya, ciwon nan da ke sa yara fitsarin jini, kuma ta fata take shiga. Tsumma mai tsabta ko guntun soso ya isa goge gilashi.

To mu fita daga ɗaki mu je tafki. Tun da aka gama madatsar Lagdo a kan Binuwai a 1982, kifi ya zama babbar sana'a a wannan yanki, wasu kuma sun haƙa ƙananan tafkuna na kiwo. A wurin mai kiwon karfasa koren ruwa alheri ne, don shi ne abincinta, shi ya sa ma ake zuba kashin kaji ko na shanu. Amma komai da iyaka. Gansakuka na ba da iskar numfashi da rana, da dare kuma ita ma shaƙa take yi. In ta yi kauri, kafin asuba ta shanye iskar, sai ka tarar da kifi a sama suna hangame baki, wani lokaci a wayi gari sun mutu gaba ɗaya. Haɗarin ya fi yawa a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan wuce digiri 40, domin ruwan ɗumi bai riƙe iska kamar mai sanyi. Ma'aunin mai sauƙi ne: tsoma hannunka har gwiwar hannu. In kana ganin kan yatsunka dishi-dishi, daidai ne. In sun ɓace tun kafin ruwa ya kai gwiwar, tsai da taki, rage abinci, ka ƙara sabon ruwa.

Akwai kuma wata iri da ke taruwa a saman ruwa kamar an zuba koren fenti, wani lokaci da shuɗi-shuɗi da wari. Wasu daga cikin irin wannan na da dafi. Tun 1878 aka rubuta labarin tumaki da dawaki da suka mutu bayan sun sha daga wani tabki a Ostareliya. A 1996, a garin Caruaru na ƙasar Barazil, masu ciwon ƙoda fiye da 50 sun rasu saboda an wanke musu jini da ruwan da ke da wannan dafi. A 2020 giwaye fiye da 300 suka mutu a Botsuwana, hukumomin ƙasar kuma suka ɗora laifin a kansa. Tafasa ruwa ba ya kashe dafin. Saboda haka makiyayin da ya ga irin wannan fenti a kududdufi da rani, ya kora dabbobinsa gaba, kada kuma a bar yara su yi wanka a ciki. Manomi ma na da hannu, don takin da aka barbaɗa dab da bakin ruwa, ruwan sama na farko ke wanke shi ya kai kududdufi.

Kada dai a ce duk gansakuka abokiyar gaba ce. A ƙasar Kanem ta Cadi matan Kanembu sun daɗe suna kwasar wata iri daga tafkunan kanwa, su shanya ta a kan yashi, su yi miya da ita. Suna kiran ta dihe, Turawa kuma na sayar da ita da tsada da sunan sifirulina.

Ga uwargida kuwa maganin a hannu yake: a rufe randa da tanki, a kau da su daga rana, a wanke su a kai a kai. Inda haske bai shiga ba, gansakuka ba ta zama. Ga malamai 'yan'uwana ga aikin aji: kwalba uku da ruwan kududdufi, ɗaya a rana, ɗaya a rana da ɗan ƙwayar taki, ɗaya a cikin kwali mai duhu. Bayan kwana goma yara su faɗi abin da suka gani, su wanke hannu da sabulu. Wanda ya gwada ya rubuto mana sakamakon. Allah Ya kai mu wata mai zuwa lafiya, amin.