YAJIN DA BA A BIKONSA

Ya ku 'yan'uwa masu koyon aikin malanta, da ku malamanmu, muna roƙo ku ba mu aron hankalinku kaɗan, mu yi magana bisa wani abu da kowa ke faɗi a ɗakin kwana da dare, amma ba mai faɗinsa a gaban manya, watau kukan ma'aikaci.

Wannan kalma, yaji, daga cikin gida Hausawa suka ɗauko ta suka ba ma'aikata. In mace ta ga abin da ba ta iya daurewa, sai ta ɗaure kayanta ta tafi gidan iyayenta. Murhu ya mutu, tulu ya bushe, maigida ya kwana biyu da yunwa, sa'an nan ya nemi dattijai su tafi biko. Amfanin yaji ke nan, a ji rashinka har a biyo ka.

Haka ya faru a ƙasar nan cikin 1945. Lokacin yaƙin Hitila kaya sun yi tsada ƙwarai a Ikko da sauran manyan garuruwa, har a 1942 Gwamnati ta ƙara wa ma'aikata wani ɗan abu saboda tsadar abinci, shi ne a ke kira kuɗin kola. Tsada ba ta tsaya ba, kola kuwa ta tsaya inda ta ke. Da yaƙi ya zo ƙarewa sai ma'aikata suka nemi a ƙara musu rabin kolar nan bisa kanta, lebura kuma a riƙa ba shi sule biyu da sisi a yini. Gwamnatin Gwamna Richards ta ƙi, ta ce wai in an ƙara kuɗi kaya za su daɗa tsada ne kurum. Watakila da sun haƙura da wannan jawabi, in da ba su ga ana ba Turawa ma'aikata alawus domin iyalinsu ba. Ran 22 ga Yuni 1945 mutanen reluwe suka aje aiki, na gidan waya da na bakin jirgin ruwa da na ɗab'i suka bi su, Michael Imoudu na gaba, ga shi bai daɗe da fitowa daga tsare ba. Abin ya kawo har nan Arewa. Kwana 44 aka yi a Ikko, matan kasuwa suna taimakonsu da abinci, waɗansu masu gidajen haya suka ɗaga musu ƙafa. Daga baya Gwamnati ta yi biko, aka naɗa Tudor Davies ya bincika, a 1946 ya ce kukansu na kan hanya, aka ƙara kola.

To, jama'a, me ya sa aka biyo su? Domin jirgi ya tsaya ne. In jirgi ya tsaya, Bature a ofis ya sani, ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya sani, mai jiran wasiƙa ya sani. Ku gwada su da talakawan da aka kwasa zuwa haƙar kuza a Jos daga 1942 zuwa 1944, abin da mutanenmu suka sa wa suna diban gwamna. Su ba su da ƙungiya, sai sanyin dutse da ƙarancin abinci da tsawar heluma. Da yawa suka mutu a can, da yawa kuma suka sulale da dare suka nufi gida. Wannan ma yaji ne, amma na wanda ba shi da wurin kai ƙara.

Malamin makaranta fa, a wane ɓangare ya ke? Yana da ƙungiya, gaskiya ne, yana kuwa yin yaji. A 2024 aka sa hannu bisa dokar cewa kada a biya ma'aikaci kasa da naira 70,000 a wata, bayan an janye tallafin mai a 2023, kuɗin mota da na hatsi suka tashi. Duk da haka a 2025 sai da malaman firamare na Abuja suka yi fiye da wata uku ba su shiga aji ba, suna neman a biya su abin da doka ta riga ta ba su. Wata uku! Da jirgi ne ko wutar lantarki, da ba a kai mako ba. Amma 'ya'yan masu yanke magana ba a waɗannan makarantu su ke ba, saboda haka ba murhun da ya mutu a gidan kowa sai na talaka.

Wanda ya fi ba mu tsoro wani yaji ne dabam, wanda ba a shela, ba a rubuta takarda, ba wanda ya bar gida. Mun gan shi da idonmu sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa a wata makaranta, ba ma faɗin sunanta. Akwai wani malami a can, dattijo, ya fi shekara ashirin yana riƙe da alli, an ce a da yara har gida su kan bi shi don daɗin karatunsa. Ranar da muka sauka, muna tsaye, babban malami ya kira shi a gaban yara wajen taron safe, ya wanke shi tas saboda ya makara da 'yan mintoci, har da ce masa in ya gaji ga ƙofa nan, masu neman aiki sun fi ƙasa yawa. Babban malamin nan kuwa a haife dattijon ya kusa haifarsa. Bai ce uffan ba. Ya shiga aji, ya cika allo da rubutu, ya ce wa yara su kwafa, ya koma bakin taga ya zauna. Kullum haka. Ƙarfe goma sha ɗaya na yi sai ya zame ya tafi gonarsa. Da muka saba, ran nan ya dube mu ya ce, "'Ya'yana, ku yi ta zafinku, mu ma mun yi. Ni yanzu gwargwadon abin da a ke ba ni na ke ba su."

Mun daɗe muna juya maganan nan. Da farko mun ga laifinsa, don yaran nan arba'in da wani abu ba su ne suka riƙe masa albashi ba, ba su ne suka zage shi ba. Har yanzu ma ba mu wanke shi ba. Amma fa mu tuna abin da aka karantar da mu a zaure tun ba mu shiga boko ba. A cikin Risala, inda a ke maganar ijara, an sharɗanta a yanka lokaci, a kuma ambaci lada. Watau ladan aiki bashi ne a wuyan mai sa aiki, ba kyauta ba ce da za a yi ta durƙuso ana godiya. In ɓangare guda ya warware sharaɗi wata da watanni, ya kuma ƙara da cin mutunci, da wane baki zai tuhumi ɗayan? A ganinmu ma cin mutuncin ya fi ƙarancin kuɗin ɓarna. Mutum ya kan jure wa tuwo ba miya in ana ganin girmansa. Dattijon nan ya yi shekaru yana jure wa ƙaramin albashi, yana koyarwa da zuciya ɗaya. Abin da ya kashe masa jiki shi ne ganin ko ya yi da kyau ko bai yi ba, duk ɗaya ne wurin na sama, ba yabo, ba ƙarin girma, sai ranar da ya makara a ke sanin yana nan.

Kullum in ma'aikaci ya yi kuka, sai a ce masa ya yi haƙuri, mahaƙurci mawadaci. Ba mu ƙi haƙuri ba. Sai dai mun lura kusan kullum mai ƙoshi ne ke yi wa mai yunwa wannan wa'azi, ba mu kuwa taɓa jin an ce wa mai gidan haya ko mai awo ya yi haƙuri har a biya bashin albashi ba.

Abin da ya sa muka kawo maganan nan a wannan mujalla, mu ne za mu gaji kujerun nan duka biyu. Bayan 'yan shekaru waɗansunmu za su zama dattijon bakin taga, waɗansu su zama babban malamin taron safe, watakila ma mutum guda ya zama duka biyun, ya sha tsawa daga ofis da safe, ya sauke ta bisa na ƙasa da shi da hantsi. Muna roƙon malamanmu, yadda a ke koya mana shirya darasi da riƙon rajista, a ware ko sa'a guda a mako a koya mana yadda a ke riƙon mutane, yadda a ke yi wa babba gyara a keɓe, da yadda a ke rubuta wa na sama gaskiyar halin ma'aikata ba tare da tsoro ba.

Kafin mu bar makarantar nan mai duba makarantu ya zo. Ya buɗe littafin sa hannu, ya ga kowa ya sa. Ya leƙa ajin dattijo, ya ga allo cike da rubutu, yara sun yi tsit suna kwafa. Ya rubuta cewa aiki na tafiya daidai, ya hau babur ɗinsa ya tafi.