Ƙofar da aka kafa a kan dutsin Fuji

Ku duba taswirar duniya, can gabas da ƙasar Sin, cikin teku. Za ku ga tsibirai a jere, sun lanƙwashe kamar baka. Ita ce ƙasar Japan. Wajen kashi uku cikin huɗu na ƙasar duwatsu ne da tuddai, yawancinsu lulluɓe da kurmi. Mutane sun cunkushe a ƴan filayen bakin teku. In sun sami hutu sai su ɗauki jaka da sanda su nufi tudu. Tun shekarar 2016 ma suna da ranar hutu ta musamman, 11 ga watan Agusta, wadda suke kira Ranar Dutsi.

Babban dutsinsu shi ne Fuji, wajen kilometir 100 daga Tokyo. Tsawonsa metir 3776. Dutsin da ya fi kowane tsawo a Nijar, Idukal-n-Tages na Bagzan, cikin Ayar, metir 2022 gare shi. Ke nan saura kaɗan Fuji ya ninka shi. Dutsi ne mai aman wuta, amma rabonsa da yin amai tun 1707. Ana hawansa daga farkon watan Yuli zuwa 10 ga Satumba, lokacin da dusar ƙanƙara ta narke. Cikin wannan ɗan lokaci, a shekarar 2023, fiye da mutum 200 000 suka hau shi, ƴan ƙasa da baƙi.

A ranar 1 ga Yuli 2024 hukumar jihar Yamanashi ta kafa ƙofa a bakin hanyar Yoshida, wadda ita ce mafi yawan mahaya ke bi cikin hanyoyi huɗu na dutsin. Aka ce mutum 4000 kaɗai za su wuce a yini. Kowa zai biya yen 2000. Daga ƙarfe 4 na yamma zuwa ƙarfe 3 na dare ƙofa a rufe take, sai ga wanda ya kama wurin kwana a masaukan da ke bisa. A 2025 aka ƙara tsanantawa: kuɗi ya koma yen 4000 a dukan hanyoyin huɗu, wajen jika 15 ke nan na kuɗinmu a canjin shekarar, rufewa kuma ta dawo ƙarfe 2 na rana.

Wasu sun yi gunaguni. Ni dai a ganina an yi daidai, har ma an makara.

Ga abin da ke faruwa kafin a kafa ƙofar. Kowa so yake ya ga fitowar rana daga ƙololuwar dutsin. Mai hankali yakan taso da rana, ya yi tafiyar ƴan awoyi, ya kwana a masauki, ya tashi tsakar dare ya ƙarasa. Mai gaggawa kuwa sai ya sauko daga kar da magariba a zango na biyar, wajen metir 2300, ya kama hawa cikin duhu, ba barci ba hutu, ya kai bisa da asuba, ya juyo. Japanawa suna kiran wannan hawan harsashi. Tafiya ce ta awa biyar zuwa bakwai a hawa, uku ko huɗu a sauka, bisa tsakuwa baƙa mai zamewa.

Jikin ɗan Adam ba ya son haka. Duk metir 1000 da aka hau, sanyi yana ƙaruwa da kamar digiri 6. A ƙololuwar Fuji, ko a watan Agusta, da asuba sanyi yana kusantar na daskarewar ruwa, ga iska mai ƙarfi. Wanda ya san hunturun Agadas ya san somin abin kawai. Iskar shaƙa kuma ta ragu, ba ta wuce kashi biyu cikin uku na wadda ke bakin teku ba. In mutum ya hau sannu-sannu, jini yana sabawa. In ya hau da gudu, sai ciwon kai, jiri da amai su kama shi. An sha ganin mutane kwance a gefen hanya, wasu da riga guda da takalmin fade, wasu sun hura wuta don ɗumi inda aka hana. In ɗaya ya faɗi, wasu ne za su tashi cikin dare su sa ransu cikin haɗari don su sauko da shi. A nan ne maganar "raina ne, ba ruwan kowa" take rushewa. A hanya mai faɗin mutum biyu, wanda ya yi tuntuɓe ya turo dutsi, kan na ƙasa da shi zai faɗa.

Da can ba haka ake hawan Fuji ba. A zamanin da ake kiran Tokyo da sunan Edo, mutanen unguwa ko na ƙauye sukan haɗa kuɗi, kamar yadda iyayenku mata ke yin adashi. Kowace shekara sai a tura ƴan kaɗan su hau a madadin sauran. Sukan sa fararen tufafi, su taka da ƙafa kwana da kwanaki, su sauka a gidajen masu jagora a garin Yoshida, sa'an nan su fara hawa tun daga gindin dutsin. Dutsin abin girmamawa ne a addininsu. Ba na cewa kome na lokacin ya yi kyau: mata ba su da izinin kaiwa bisa sai a 1872. Amma dai nisa da wuya su ne ƙofar wancan zamani. A 1964 aka buɗe hanyar mota har zango na biyar, sai rabin dutsin ya zama tafiyar zaune. A 2013 hukumar UNESCO ta sa Fuji cikin kayan tarihin duniya, baƙi suka ƙaru. Tunda mota ta kawar da tsohuwar ƙofa, dole a kafa sabuwa.

Akwai magana ɗaya ta masu gunaguni da ba zan yi watsi da ita ba. Suna cewa dutsi ba wanda ya gina shi, don mi za a sayar da hawansa? Mai kuɗi zai biya yen 4000, ya biya masauki da abinci, ya wuce. Ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci fa? Ai da yawa cikin masu hawan dare tsadar masauki ce ta sa su. Wannan gaskiya ce, kuma tana damuna. Ƙayyade yawan mutane da rufe ƙofa da rana, waɗannan na yarda da su ɗari bisa ɗari, don ba su bambanta mai shi da marar shi a wurin shiga. Kuɗin kuwa na yarda da shi ne bisa sharaɗi: a gan shi a kan hanya. A gyara matakai, a biya masu gadi da masu ceto, a gina mafaka don ranar da dutsi zai yi tsawa. Wannan ba tatsuniya ba ce. A ranar 27 ga Satumba 2014 dutsin Ontake ya fashe da tsakar rana, mahaya suna bisansa, mutum 58 suka mutu, 5 ba a gan su ba. In kuɗin ya ci gaba da hawa har ya zama katanga tsakanin talaka da dutsin ƙasarsa, ran nan zan koma bayan masu gunaguni.

Wani wuri a Japan ya riga Fuji gwada irin wannan hani. Kamikochi kwari ne a jihar Nagano, a tudun metir 1500, kogin Azusa na ratsa shi, duwatsu masu fiye da metir 3000 sun kewaye shi. Daga nan ake kama hanyar Yari, dutsi mai tsini kamar mashi, wanda wani malamin addinin Buda mai suna Banryu ya hau a 1828. Da motoci suka yi yawa, a 1975 aka fara hana masu motar kansu shiga a lokacin cunkoso, a 1996 aka hana ɗungum. Kowa sai ya ajiye motarsa a ƙasa ya shiga kar ko taksi. Hanin bai kori baƙi ba, fiye da mutum miliyan ɗaya ke zuwa a shekara. Ruwan kogin garai-garai yake, ana ganin tsakuwar ƙasansa. Matafiyi yana sa ledarsa da ɓawon lemunsa cikin jaka ya koma da su gida. Wasu suna ɗaura ƴar ƙararrawa a jaka don namun daji su ji tafiyarsu su kauce. Tsakiyar watan Nuwamba ana rufe hanyar kar da masaukai, kwarin ya zauna cikin dusar ƙanƙara har watan Afrilu.