Kafin a sayi bife mai madubi, a biya wurin mai walda

Maganar yau ta cikin ɗaki ce, kuma mun san wasu za su raina ta: etajer ta ƙarfe, kantar nan mai hawa-hawa da ake jera kaya bisa.

Duk wanda ya ga damanar 2024 ya san abin da ruwa ya yi a Maraɗi, ya kuma ji yadda tsohon masallacin Birni ya faɗi a Damagaram. Mutanen Yamai ba su manta 2020 ba, lokacin da kogin Isa ya cika ya shiga unguwanni irin su Lamorde. Gidan da ya rushe, babu kantar da za ta cece shi, wannan sai dai mu ce Allah ya mayar da alheri. Amma gidaje da yawa ba faɗuwa suke yi ba. Ruwa ne ke shiga zuwa idon sawu ko gwiwa, ya kwana, ya fita. To me yake tararwa a ƙasa? Buhun hatsi, katon ɗin tufafi, littattafan ƴan lakkol, da jakar nan da maigida ya tura ƙarƙashin gado, mai takardun haihuwar yara da takardar fili. Hatsin da ya sha ruwa ya tafi ke nan. Takarda kuwa, wanda ya taɓa bin layi don a sake masa wata ya san kwana nawa take ci.

Kakanninmu sun san wannan tun kafin a kawo siminti. Rumbu bisa duwatsu suke ɗora shi, ƙwaryar nono a ragaya take rataye. Mu ne muka shigo birni muka sauke komai ƙasa.

Kuma ba rashin kuɗi ba ne kullum. Ku dubi kayan ɗakin amarya. Uwa za ta yi shekaru tana zubin adashi, a ƙarshe a kawo bife mai madubi da armuwar mai ƙyalli, ƴan kallon jere su yi guɗa. Yawancin irin waɗannan ba katakon ƙwarai ba ne, garin katako ne aka matse da gam aka lulluɓe da leda mai sheƙi. Ƙafarsa ta taɓa ruwa sau ɗaya, sai ya kumbura kamar burodi a shayi. Abin da laima ta bari, gara ta ƙarasa. Ba mu ce a daina jere ba, iyayenmu mata kada ku kashe mana rediyo! Cewa muka yi, cikin wannan lissafi a ware kuɗin kantar ƙarfe guda ɗaya, wadda za ta ɗauki abin da gidan ke ci da abin da gidan ke tsoron rasawa. Gara ba ta cin ƙarfe. Kuma kuɗin a unguwa zai tsaya, wurin yaran nan masu walda da ke bakin hanya, maimakon ya bi kayan kwantena.

Sai dai ƙarfen ma yana da nasa sharri, kuma a nan ne muke so a saurara da kyau.

Kanta mai tsawo marar faɗi tana kifewa. Yaro in ya ga hawa-hawa, tsani ya gani, ba wani abu ba, balle in an ajiye sukari can sama. Saboda haka mai nauyi a ƙasa yake zama: buhu, bidon mai, tukwanen dalma. Bido mai lita 25 in ya cika da ruwa kilo 25 ne, ku auna shi yana faɗowa kan ɗan shekara 3. In bangon na bulo ne, a sa mai walda ya yi mata kunnuwa a kafe ta da bango. In na laka ne, ƙusa ba ta riƙewa, gara a yi ta gajera mai faɗin gindi, kada ta wuce kafaɗar babba. Hawan farko kuma ya tashi daga ƙasa kamar santimita 30 ko fiye, don in ya kwanta a daɓe an yi aikin banza.

Wurin mai walda a tsaya a yi magana, kada a ce kawai "yi mini etajer". A tambayi kaurin korniyer da zai sa, don akwai mai laushi da ke lanƙwashewa da buhu ɗaya. A ce ya goge bakin tol ɗin da kusurwoyi, sun sha yanke hannun mata. A tabbata ya shafa jan fentin hana tsatsa kafin fentin ado, wasu tsallake shi suke yi in ba a sa ido ba, damana biyu sai ka ga ƙafafu sun fara ci. Masu zaman haya su nemi mai noti da ake kwancewa, don ranar tashi ta wuce ƙofa.

Abu biyu kuma kada su kusance ta. Wayar lantarki da aka yi wa ɗauri da leda, don ƙarfe yana ɗaukar wuta, ɗakin da ya jiƙe kuwa ya fi haɗari. Sai piya-piya da maganin ɓera, waɗanda ba su da wuri a kantar da abinci yake, ko sama ko ƙasa.

Takardu su hau hawan ƙarshe, cikin leda, cikin gwangwani ko roba mai murfi, don rufin ma yana yoyo. Wanda bai da halin kanta bana, ya samu bulo huɗu da ƴan katakai ya ɗaga buhunsa tun hadari bai fara haɗuwa ba. Masu walda da ke bin mu a nan, ku rubuto mana farashin mai hawa huɗu a garuruwanku, Tawa, Konni, Tasawa har Magarya, za mu karanta a shiri mai zuwa in Allah ya kai mu.